Mutum Tara a Gonar Gabas

Gonar gabas ita ce mafi kyau a cikin abin da Hashimu ya gada, kuma ita ce ta cinye masa ƙugu. Jigawa ce mai laushi a bayan Zangon Kanya, wani ƙauye da ke gefen hanyar Kafin Hausa zuwa Jahun. Gero na sonta, riɗi ma haka. Sai dai a tsakiyarta akwai wani tsiri, taki arba'in a tsaye, goma a kwance, wanda garma ba ta taɓa shiga ba tun kafin a haifi ubansa. Mutum tara ne kwance a wurin. Ba danginsu ba ne, ba ma 'yan garin ba ne. Mutanen yaƙin Haɗeja ne, na shekarar da Nasara suka ci garin.

Babu tudu a kansu, babu fasasshen tulu, babu abin da baƙo zai gani ya ce maƙabarta ce. Kowane mutum dai da tsiron da ke kansa: wannan kalgo, wannan sabara, wancan magarya, can ƙarshe kaba. Duk shekara sai Hashimu ya shiga da adda ya sassabe su iya gwiwa. Ba a tumɓukewa, ba a sa wuta. Ƙaya ta soke shi ba adadi, kunama ta harbe shi sau uku, ɓeraye kuwa nan ne gidansu, daga nan suke fita su ci masa gero. In ya zo huɗa da shanu sai ya tsaya a gaban tsirin, ya juya su, ya zagaya ya sake kamawa ta baya. Aikin yini ɗaya sai ya koma na biyu.

Sannan kafin a jefa iri ko ƙwaya ɗaya a gonar, sai an kawo Goggo Gaji, autar su ubansa, wadda yanzu ta haura tamanin da biyar. Za ta cire takalmi ta bi tsirin daga kudu zuwa arewa, ta taɓa kowane tsiro da sandarta, ta kira sunan wanda ke ƙasa, ta yi masa addu'a. A raba gumba ga duk wanda ya zo wucewa. Shi ke nan. Ba a rubuta sunayen a ko'ina ba. A kan Goggo suke, kan Goggo kuma ba ya buɗewa sai ta ga tsiron. In ka tambaye ta a gida sai ta faɗi ɗaya ko biyu ta tsaya, ta ce ai sai a gona. Hashimu ya shekara talatin da wani abu yana tsaye a bayanta yana cewa amin, idonsa na kan hadari, hankalinsa na kan iri. Da za a titsiye shi, suna ɗaya kawai zai iya kawowa, Ɗan Bade, shi ma don da shi ake farawa.

Labarin kuwa ya ji shi har ya ƙoshi. Kakansa, wanda aka sa masa sunansa, saurayi ne lokacin da kira ya zo daga Haɗeja. Ya tafi da mashin aro. Goggo ta ce ubanta bai taɓa ba da labarin da alfahari ba. Cewa yake tsakiyar bazara ce, sun kwana biyu a cikin ganuwa suna jira, ana kiɗa ana kirari, kowa na cika baki. Da Nasara suka iso sai suka kafa igwa da bindiga mai ruwa, wadda ba ta tsayawa a ɗura mata. Masu dawakai suka fita suka zube, wasu suka fita suka zube a kansu. Kafin rana ta yi sanyi an gama. Sarki ya yi shahada, garin da ake cewa ba a cinsa an ci shi. Kakan ya ce shi bai soki kowa ba. Bai ma kai inda zai ga fuskar wanda zai soka ba.

Ya fito ta bayan gari tare da wasu masu rauni, yana jan wannan yana tallabe wancan. Kwana uku suka yi kafin su kawo Zangon Kanya. Dattawan gari suka ce ba za a shigo da su ba, kada Nasara su biyo sawu su ƙone rumbuna. Sai ya kai su gonarsa ya yi musu rumfar kara. Cikin mako guda mutum tara suka cika. Kowa kafin ya tafi sai ya tambaye shi sunansa da garinsu, da niyyar in ƙura ta lafa ya kai wa danginsu labari. Bai kai ko ɗaya ba. Haraji ya zo, aikin tilas ya zo, iyali suka zo. Ya binne su a shafe don kada a gane, ya bar wa kowa tsiro a kai. Wasiyyar da ya bari biyu ce: kada a nome wurin, kada a manta sunan.

Bana ne abin ya zo da magana. Sa ɗaya cikin shanun huɗar Hashimu ya karye aka yanka. 'Ya'yansa maza biyu suna Kano suna tuƙa adaidaita sahu, ba mai niyyar dawowa ya riƙe fartanya. Gwiwarsa ta dama kuma in ya durƙusa sai ya nemi abin dafawa kafin ya miƙe. Sai ga ƙaninsa Jamilu, mai aikin ofis a Dutse, ya zo ranar Asabar da takalmi sau-ciki, ya ce ya samo mai tarakta daga Ringim, a bi gonar gaba ɗaya a zuba riɗi. Har tsirin ya ce a haɗa. Ƙasar da ta shekara ɗari tana hutawa, in ji shi, ita kaɗai za ta ba da abin da rabin gonar ba ta bayarwa.

"Yaya, yaƙin nan fa cin mu aka yi," in ji Jamilu. "Su Nasaran ma sun tattara sun tafi tun ba a haife mu ba. Mu kaɗai muka rage a bakin daga, muna gadin ƙaya."

Hashimu ya ce ya je ya faɗa wa Goggo haka da bakinsa. Jamilu ya yi dariya, ya ce shi dai yana son ya koma Dutse da kunnuwansa biyu. Daga ƙarshe suka tsaya a kan tarakta ta bi ko'ina ban da tsirin. Amma maganar ta zauna wa Hashimu a rai, don ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ya daɗe yana faɗa wa kansa ita, musamman ran da ƙayar magarya ta shige masa ƙarƙashin farce.

Ya sari turaku huɗu ya kafa a kusurwoyin tsirin, ya ɗaura wa kowanne ganyen kaba ya ƙulle bakinsa. A Zangon Kanya har makiyayi mai wucewa ya san ma'anar wannan ƙulli: an hana, kauce. Ya buga wa Jamilu waya ya ce ya kafa alama, Jamilu kuma ya ce zai gaya wa mai taraktar.

Aka ce Litinin za ta zo. Ya yini a gindin kanya, ba ta zo ba. Talata haka. Laraba aka ce faifan garmar ya tsage, ana walda. Ranar Alhamis da safe matarsa Hindatu ta tuna masa irin riɗin da aka ajiye masa a Jahun, in bai je yau ba wani zai ɗauka. Ya tsaya a zaure yana juya hularsa a hannu. Zuciyarsa ta faɗa masa ƙarara cewa yau ɗin ne za ta zo. Ya hau mota duk da haka.

Da ya dawo bayan la'asar, tun daga bakin hanya ya ji ƙamshin ƙasar da aka juya. Ya ajiye buhun a gida ya wuce. Tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa a yammacin gonar ya hango iyakarta ta gabas babu komai a tsakani ba, sai ranar. Fili ne fetal. Turakun huɗu suna nan tsaye da ƙullin kabarsu, ba wanda ya taɓa su. Tsakaninsu kuwa ya fi ko'ina laushi.

Mai taraktar, wani ƙato da tawul a wuya, Mailafiya ake ce masa, yana zaune a inuwar tayar yana shan fura. Ya miƙe da fara'a ya ce wurin nan da aka kafa wa turaku ya ba shi wuya, sau uku ya bi ta kai, har ƙusa ya karya, amma ga shi nan ya zama kamar gari. Shi aikinsa a fadamar shinkafa yake yi, inda filaye ke manne da juna. A can in mai gona ya kafa turaku, yana nufin nan ne nawa, nan za ka yi. Da ya ga ƙaya ta cika wurin, sai ya ɗauka shi ne abin da ya fi damun mai gonar.

Hashimu ya gaya masa abin da ke ƙasa. Mutumin ya ajiye ƙwaryar, ya cire hula, ya dinga salati yana rantsuwa cewa bai ga ko ƙashi ɗaya ba. Hashimu bai ɗaga masa murya ba. Bai ma ji haushinsa ba, kuma wannan ne ya dame shi. Abin da ya fara ji a ƙirjinsa sauƙi ne, irin na wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Jamilu a waya ya ce ƙaddara ce, Allah ya ga ba da gangan aka yi ba. Tunda ta faru, a zuba iri kawai. Goggo kuma a bar ta a gida bana, a ce ruwa ne ya yi gaggawa, ai idonta ma ba gani yake sosai ba. Hashimu ya ce to. Bai ce to me ba.

Sai dai Jamilu ya daɗe a Dutse, ya manta yadda gari yake. Matan da suka je kwasar itacen da tarakta ta tara a bakin gona sun riga sun kai labari kowane gida. Washegari da hantsi Goggo ta aiko a kira shi. Ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, ta yafa mayafi, sandarta a kan cinya. Ba ta kiran sunansa, tunda na ubanta ne.

"Babana, ɗauko babur," ta ce.

Ya ɗauke ta a babur ɗin har gonar. Ya sauke ta a turken kudu. Ta cire takalmi kamar kullum, ta miƙa sanda inda ta saba miƙawa, sandar ta nutse cikin ƙasa mai laushi. Ta ce Ɗan Bade, ta yi masa addu'a. Ta yi taki uku, ta sake miƙa sandar, ta buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ƙara taki biyu. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ƙafafunta a miƙe.

Hashimu ya tsuguna da ƙyar a gefenta. Ya ce ta kwantar da hankalinta, faifan tarakta ba ya wuce taƙi ɗaya da rabi, ba a kai gare su ba.

"Na sani," in ji Goggo. "Waɗanda suka ga bindiga mai ruwa, tarakta ce za ta tashe su? Sunan nake nema, Babana. Na duba ban gan shi ba."

Hashimu ya dubi filin. Nan ne ya kamata a ce an gama. Abin da ya rage kawai shi ne ya ɗauke ta ya mayar gida, ya dawo ya zuba riɗi daga wannan iyaka zuwa waccan, ba mai ɗora masa laifi. Mai tarakta ne ya yi kuskure, tsohuwa ce ta manta. Baɗi ba adda, ba ƙaya, ba zagaye. Ya miƙe da niyyar ya kawo babur kusa da ita. Ya yi taki huɗu, a na biyar ƙafarsa ta hagu ta kauce da kanta, ta taka gefe, a fili fetal inda ba komai. Ya tsaya yana kallon ƙafar. Nan ne kututturen magaryar da ya fasa masa ɗan yatsa shekarar da aka yi farin ɗango. Tun daga ranar bai sake taka wurin ba.

Ya tsaya ya daɗe. Sannan ya ja tsaki, ya je ya kwance fartanyar da ke ɗaure a bayan babur.

Bai kai zurfin kamu ɗaya ba ya ci karo da saiwa, an datse kanta amma tana nan ɗanya shar. Ya sare guntu ya kankare da farce. Ja ce ta ciki. Ya kai wa Goggo ya sa mata a hannu, ya ce magarya ce. Ta shafa, ta kai hanci, ta ɗan gatsa da sauran haƙoranta.

"Tanko ɗan Auyo, mai baka," ta ce. "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Daga nan ya daina tunani ya bar jikinsa ya yi aikin. Daga magarya in ya sassabe, taki huɗu yake yi ya rataye gorar ruwansa a kalgo. Ya yi taki huɗu ya tona. Ramin farko ba komai, na biyu ya samu. Saiwar kalgo ba ta ɓuya, ɓawonta na janyewa kamar igiya. Goggo ta ce Ilu maƙeri, mutumin Birniwa, wanda ya yi ta kiran sunan 'yarsa har ya cika. Aduwa kuwa da ɗacinta ya gane ta, ya tofar, Goggo ta yi 'yar dariya ta ce haka Malam Sambo yake, in ji Baba, ko yana mutuwa faɗa yake yi wa mutane a kan alwala. Yana tonawa, yana jan gwiwa, yana dawowa ya ɗaga ta ya matsar da ita gaba. Rana ta take. Rigarsa ta manne masa a baya.

Sabara biyu ce a jere, Goggo ta san ta farko ta Jatau ce. Da ya kawo mata saiwar ta biyu sai ta ce Dogo ɗan dako. Hashimu ya tambaya ko dakon me. Ta ce akwatunan harsashin Nasara. Kama shi suka yi a hanya suka ɗora masa kaya tun daga Kano, da wuta ta buɗe ya yar ya gudu, su suka harbe shi ta baya. Ta ce duk shekara tana faɗa, shi ne ba ya ji.

Hashimu ya dogara da ƙotar fartanya yana haki. "Wato har da wanda ya ɗauko musu harsashi nake shan ƙaya shekara talatin?"

"Da ka tona, ka ga saiwarsa ta bambanta da ta Jatau?" in ji Goggo. "Wuce gaba."

Kabar ƙarshe ba ta ba shi wuya ba, don ita ce ta karya wa Mailafiya ƙusa. Gindinta na nan baƙi ƙirin kamar dutse. Ta Bukar ce, Babarbare mai tsage a fuska. Da Ɗan Bade, bakwai ke nan.

Saura biyu, tsakanin aduwa da sabarar farko. Hashimu ya san abin da ke wurin, tumfafiya ce da wani tushen gamba. Ya tona rami shida. Faifan ya ciro su ɗungurungum, sun tafi cikin tarin da mata suka kwashe, ƙila ma an riga an hura wuta da su. Goggo ta rufe ido tana motsa leɓe. Ta ce kamar ɗaya Bafillace ne. Ta ce a'a, ko kuwa Malam Sambo ne Bafillacen. Hashimu ya tsallaka gonar maƙwabci ya karyo reshen tumfafiya ya kawo mata. Ta riƙe, ta shafa ganyen, ruwan farin ya ɗiga mata a yatsa. Ta daɗe a haka, sannan ta ajiye shi a ƙasa.

"Ba tasa ba ce," ta ce.

Aka fara kiran sallar Juma'a daga masallacin gari. Ta ce ya ɗaga ta. Ta mayar da shi turken kudu, ta sa shi gaba, ta ce ya bi ramukan yana faɗa. Ya faɗi Ɗan Bade, ya faɗi Tanko, ya sa Malam Sambo a wurin Ilu, ta maka masa sanda a ƙwauri. Sau uku suka bi tsirin, mutum mai furfura a gemu yana karatu kamar ɗan makarantar allo, har ya kawo bakwai ɗin ba gargada, kowa da garinsu. Da suka gama ta sa takalminta.

"Baba tara ya ba ni," ta ce. "Ni bakwai na ba ka. Ka ga abin da za ka ba na baya."

Da yamma Jamilu ya bugo ya ji ko an zuba iri. Hashimu ya ce in ruwa ya sauka za a zuba ko'ina ban da cikin turaku. Jamilu ya ce haba Yaya, wurin da aka riga aka nome? Hashimu ya ce saiwa na nan, za ta tofo. Jamilu ya tambaya to bayan shi wa zai riƙe, su masu adaidaita sahun? Hashimu ya ce bai sani ba, kuma gwiwarsa na ciwo, sai an jima.

Ruwa ya sauka ranar Lahadi. Goggo ba ta iya fitowa ba, zaman rana na ran Juma'a ya kwantar da ita. Hindatu ta dama gumba ta ba shi a kwano. Ya je shi kaɗai, ya cire takalmi a turken kudu, ya bi ramukan da ya cike da hannunsa yana kiran sunan da addu'a. Kalgon Ilu har ya fara huda ƙasa. Da ya zo tsakanin aduwa da sabara ya tsaya a kan ƙasar da ba komai. Ya ce bawan Allah, Allah ya jiƙanka. Ya yi taki uku ya sake cewa haka. Sannan ya ƙarasa na gaba, ya sa takalminsa, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya zagaya ta bayan turaku ya fara shuka, don wani hadarin na haɗowa daga gabas.